Zango biyu a sabuwar makarantar Abba

Tun ranar da aka ga Abba ya ajiye shuɗin yunifom ya koma mai ruwan ƙasa, da wuya a yi sati wata ba ta tare ni ba, ko a gidan biki ko a ofis, tana tambaya: "Maman Abba, wai ya makarantar nan take? In kai nawa?" Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya, shi ya sa na zauna in rubuta. Ba zan kama sunan makarantar ba, don akwai yabo a bakina akwai kuma ƙorafi, kuma matar da ta buɗe ta ba ta ci mini komai ba. A nan cikin Katsina take, can gefen gari inda sababbin gidaje ke ta tsirowa, kuma bana ce shekararta ta farko.

Abba shekararsa 6. Ya yi shekara 3 yana zuwa wata makarantar kuɗi da kowa ke yabo, mai bene da motar ɗaukar yara. In ka ce ya kawo jihohi 36 da manyan biranensu, zai zubo maka su tiryan-tiryan ba tuntuɓe. "E fo aful, bi fo bol" kuwa har cikin barci. Ya zo na 4 a ajin yara 47, muka yi murna, babansa ya saya masa keke. To wata rana da daddare ina taya shi jinga, wadda a gaskiya ni ce nake yi shi yana gyangyaɗi, sai na rubuta "Baba" a bayan littafin na ce ya karanta mini. Ya kalli takardar, ya kalle ni, ya ce, "Ba a koya mana wannan ba." Harafi huɗu, biyu daga ciki maimaici ne. A daren nan barci bai ɗauke ni da wuri ba.

Wata abokiyar aikina ce ta turo mini tallar sabuwar makarantar a WhatsApp. An rubuta Montessori da manyan baƙi, an ce yara ba za su wuce 15 a aji ba, ba duka, kuma da Hausa ake fara koya wa yaro karatu kafin Turanci. Kalmar Montessori ba ta ɗaɗa ni da ƙasa ba, don yanzu duk wanda ya shafa wa katanga fenti kala uku sai ya liƙa ta a allon ƙofa. Abin dariyar ma shi ne, ita Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya, ajinta na farko a 1907 a wata unguwar talakawa ta birnin Rum ta buɗe shi, don 'ya'yan ma'aikatan da iyayensu ke fita nema su bar su. Mu a nan sunanta ya zama dalilin ƙara kuɗin makaranta. Maganar Hausar ce ta tsaya mini a rai.

Ita ce kuma ta kusa haɗa ni faɗa da maigidan. Ya ajiye cokali ya ce, "Yanzu da kuɗina zan biya a koya wa ɗana Hausar da ya tsotsa a nono?" Ban ja da shi ba. Na san wanda zan kai ƙara.

Mahaifina tsohon hedimasta ne. Ya fara riƙe alli a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ya yi ritaya yana jan jar biro a littattafan malamai. Da na kai masa maganar sai ya yi dariya ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ma cewa ya yi a fara wa yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, makarantun kuɗi ne suka yi watsi da shi don iyaye na son su ji yaro yana Turanci a gaban baƙi. Ya ba mu labarin gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara duk shekaru 6 na firamare da Yarabanci, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Maigidan dai ba ya musu da surukinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." A mota kuwa ya ce mini zango ɗaya ya ba ni, in bai ga canji ba a maida masa ɗansa inda yake.

Tsohuwar makaranta kana iya tambayar maƙwabta, kana iya ganin yaran da ta yaye, waɗanda suka ci jarrabawar shiga sakandare da waɗanda suka faɗi. Sabuwa ba ta da ko ɗaya. Sai fenti, sai bakin mai ita. Don haka na roƙi Baba ya raka ni, kuma muka je ba tare da mun sanar ba, ranar Talata wajen ƙarfe 10, sati na biyu da buɗewa.

Gidan haya ne mai ɗaki huɗu da falo, an fasa bango ɗaya. Tsakar gidan ba ta da girma, akwai bishiyar darbejiya guda da lilo biyu. Mai makarantar, mace ce da ba za ta wuce shekara 45 ba, ta yi koyarwa a makarantar gwamnati kafin ta ajiye, ta fito ta durƙusa har ƙasa ta gaida Baba, ta ce, "Ranka ya daɗe, bismillah ofis." Baba ya ce ba ofis ya zo gani ba, a kai shi ban ɗaki. Na ji kunya kamar in nutse. Shi kuwa ya leƙa, ya ga buta biyu da sabulu da bokiti cike da ruwa, ya gyaɗa kai, sannan ya ce a ba shi kujera a bayan aji ɗaya.

Mun yi kusan awa guda a ajin nan, kuma abin da na gani a ciki shi ne ya sa na biya kuɗi. Ba benci a jere. Tabarmi ne da 'yan tebura gajeru, yara 13, babu wanda ya miƙe ya rera mana "gud monin sa". Malamar, wata siririyar yarinya mai NCE daga Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-ma, tana zaune a ƙasa da yara huɗu, gabansu faranti cike da rairayi. Ta ce "mmm", ta ja harafin da yatsa a cikin rairayin, yaro ya bi sawunta yana cewa "mmm", ta girgiza farantin ya goge, ya sake da kansa. Ta ƙara "a" a gefe. Wata 'yar ƙarama ta ce "ma". Malamar ta sake rubuta wani "ma" kusa da shi ta yi shiru, ba ta ce komai ba. Yarinyar ta daɗe tana motsa leɓe, can sai ta ɗago da ido waje ta ce, "Mama!" kamar ta tsinci kuɗi. Sauran yaran kuma kowa da abin da yake yi: biyu suna ƙirga ƙwallayen dabino suna zubawa goma-goma a murafen kwalba, ɗaya yana ɗura ruwa daga buta zuwa kofi ba tare da ya zubar ba, wani babba yana nuna wa ƙaraminsa yadda ake ɗaure igiyar takalmi. Akwai surutu, amma ba hayaniya. Kuma yaran "Malama" suke ce mata, ba "Anti" ba. Wannan ƙaramin abu ne, amma ya yi mini daɗi.

Baba ya nemi littafin shirin darasinta, ya duba kwanan wata, ya ga na yau ne ba na makon jiya ba. Da muka fito sai ya ce mini a hankali, "Wannan Baturiyar Italiya da kuke ta kira, ai makarantar allo ce ta yi. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, wanda ya yi gaba ya biya wa na baya, ba a wanke maka sai ka iya. Bulalar kawai ta cire." Sannan ya ƙara da maganar da ban fahimta ba sai daga baya: "Yarinyar nan ita ce makarantar. Ki tambaya nawa ake biyanta."

Ban tambaya ba. Na ga kamar rashin ta-ido ne.

Kuɗin zango naira dubu 58 ne, a tsohuwar muna biyan dubu 42. Sai dubu 15 na abin da suka kira kayan aiki, wanda ba a faɗa mini ba sai da na zo biya, kuma na nuna ɓacin raina a nan take. Yunifom kala ɗaya ne, kai za ka sayi yadin ka kai wa telanka, ba dole sai a wurinsu ba, wannan kam na yaba. Ba su da mota. Mu uku muka haɗa kuɗi muka ɗauki mai Napep, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda wannan lissafin yake, kuɗin kai yaro da ɗauko shi ya kusa kamo kuɗin karatun.

Sati shida na farko ban ga komai ba. Ba jinga, jakar Abba ba komai sai abinci da gorar ruwa. In na tambaye shi me suka yi yau sai ya ce, "Mun yi wasa da ƙasa, Malama ta yi mana tatsuniyar Gizo." Maigidan ya riƙa kallona ta gefen ido yana cewa, "Dubu 58, tatsuniyar Gizo." Ni kaina na fara tunanin ko na yi sakin na hannu ne na kama na guje.

Ranar wata Asabar muna dawowa daga Babbar Kasuwa, mun tsaya a ƙofar gida ina neman makulli a jaka, sai na ji Abba yana magana shi kaɗai. Ƙofar maƙwabtanmu yake kallo, inda aka rubuta da gawayi. "A-k-wai... akwai... kan-ka-ra." Ya yi shiru. Sai ya ja mini mayafi ya ce, "Umma, sun yi kuskure. Ƙanƙara suke sayarwa, amma ba su sa wa ƙa ɗin ƙugiyarsa ba." Na tsaya da makulli a hannu. Shekara nawa ina wuce rubutun nan ban taɓa lura ba. Da babansa ya dawo na ce ya fita da shi ƙofar gida ya gani da idonsa. Ya dawo bai ce mini komai ba, amma da daddare na ji shi yana ba yayansa labari a waya, har da ƙarin gishiri.

Daga nan abin ya zama kamar an buɗe famfo. Bayan Napep, allon mai shayi, buhun shinkafa, duk abin da ke da rubutu sai ya tsaya. A zango na biyu suka fara sautukan Turanci, kuma na lura ba ya jin tsoron kalma, yana sassara ta gaɓa-gaɓa yadda ya saba. Sai dai in faɗi gaskiya: a Turancin baki ɗan ƙanwata da ke tsohuwar makarantar ya fi shi zuba. Idan burinki yaro ya tarbi baƙi da Turanci a bana, nan ba wurinki ba ne.

Rigima ta biyu a gidan surukata aka yi ta. Ƙarshen zangon farko aka ba mu sakamako, shafi biyu da rubutun hannun Malama: ya iya kaza, yana kan koyon kaza, yana saurin fushi in aka taɓa masa aiki, yana son taimaka wa ƙanana. Hajiya ta sa aka karanta mata tas, sannan ta ce, "To na ji. Na nawa ya zo?" Na ce, "Hajiya, ba sa yin na ɗaya da na biyu." Ta riƙe haɓa ta ce, "Makarantar da ba bulala, ba na ɗaya, to mi yaron ga zai ji tsoro?" Har yau ba ta yafe wa makarantar ba, ko da yake shi take kira ya karanta mata saƙon waya idan da Hausa aka rubuto.

Yanzu ga inda suka ɓata mini.

A sati na tara na zangon farko, mai Napep ɗinmu ya yi faci a hanya ya makara. Wani maƙwabcinmu, mutumin kirki, ya je ɗaukar 'yarsa, ya ga Abba zaune, ya ce bari ya taho da shi. Aka ba shi. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya kira babansa. Mai Napep ya isa aka ce masa "wani ya tafi da shi". Ina ofis ya kira ni muryarsa na rawa. Minti 20 da na yi kafin a gano inda yaron yake, ba na fatan ko maƙiyina ya ɗanɗana su. Mu da muke jihar nan muka ga abin da ya faru da ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ba a yi mana wasa da kalmar "wani ya tafi da shi". Washegari na je ban ko zauna ba. Mai makarantar ba ta kare kanta ba, ta ce, "Maman Abba, laifinmu ne, ki yi haƙuri." Cikin kwana uku suka yi wa kowane yaro kati mai hoton waɗanda aka yarda su ɗauke shi, suka ɗauki maigadi na dindindin. Gyaran ya yi, amma da ɗana aka koyi darasin, kuma abu ne da ya kamata a ce an tanada tun kafin a buɗe ƙofa.

Sauran ƙananan ba zan daɗe a kansu ba. Ruwa daga 'yan ga-ruwa ake saye, ran da ba su zo da wuri ba ban ɗakin da Baba ya yaba ba ya shiguwa. Da hunturu tagogi biyu ba gilashi, yara suka yi ta mura. Ba sola, in aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, ga zafi ya fara. Lokacin tashi an canza shi sau uku a zauren WhatsApp na iyaye, sau ɗaya da ƙarfe 11 na dare. Karatun Alƙur'ani awa ɗaya ne da safe, malamin yana da kyau amma bai isa ba, don haka ba mu cire Abba daga Islamiyyar yamma ba.

Babban abin shi ne wanda Baba ya hango. A tsakiyar zango na biyu malamar aji biyu ta tafi, ta samu inda ya fi albashi. Sati uku mai makarantar da kanta take riƙe ajin, tana fita tana amsa waya tana dawowa. Wadda aka kawo daga baya ba ta san tsarin ba, wata uwa ta ce mini har ta fara sa yara rera jihohi da manyan birane. A nan na gane cewa duk abin da nake yabo, farantin rairayi da ƙwallayen dabino, ba a bangon makarantar yake ba, a hannun yarinyar nan ta Dutsin-ma yake. In ta yi aure ta bar gari, ko wata makarantar ta ƙara mata dubu 10, me ya rage? A taron iyaye na cire kunya na yi tambayar da ban yi ba a farko. Ba a faɗi adadi ba, amma shirun da aka yi ya ba ni amsa. Mu iyaye muka ce in ƙarin kuɗi zai tafi albashin malamai, a rubuce, mun yarda. In na fenti ne, a'a.

Na ba ƙanena da ke karatu a Amurka wannan labarin, sai ya ce can akwai irin waɗannan makarantu masu tsarin kansu da suke kira cata, wato na yarjejeniya. Jihar Minisota ce ta fara yi musu doka a 1991. Gwamnati ke biyan kuɗin, iyaye ba sa biya, wasu mutane ko ƙungiya ke gudanarwa bisa yarjejeniyar 'yan shekaru, in masu nema sun fi gurbi yawa a yi ƙuri'a, in kuma makarantar ba ta cika abin da ta ɗauka ba ana iya ƙin sabunta mata izini a rufe ta. Ya ce su ma wasu na rufewa su bar iyaye da neman mafita. Na ce to ko ba komai akwai wanda ya riƙe takardar alkawarin. Mu a nan alkawarin yana kan tallar WhatsApp ne, mai bin sawunsa kuma ni ce da sauran iyaye 30 da 'yan kai. Na tambayi takardar amincewar ma'aikatar ilimi, aka nuna mini shaidar sun nema kuma jami'ai sun zo dubawa, cikakkiyar kuma "tana hanya". Duk mai niyyar kai ɗansa ya nemi ganin wannan da idonsa, kar ya karɓi "tana hanya" a baki kamar yadda na yi da farko.

To in kai nawa? Ga amsar da nake ba masu tambaya. In yaronki ɗan shekara 5 ko 6 ne, kina da lokacin leƙawa ba sanarwa, kuma za ki iya jure surutun dangi na wata biyu, ki je ki zauna a bayan ajin da za a sa shi, ba ajin da za a nuna miki ba. In ɗan aji huɗu ne mai shirin jarrabawa, ki bar shi inda yake, su kansu ba su kai nan ba tukuna. In maki 10 ne, ajin Abba na ba shi 9, makarantar kuma 5.

Na biya kuɗin zango na uku ranar Litinin. Da nake karɓar rasit na tambayi mai makarantar yaushe hayar gidan za ta ƙare. Ta ce watan Agusta, kuma mai gidan bai ce komai ba tukuna kan sabuntawa. A hanyar dawowa na biya wata makarantar da ke kusa da ofishinmu na karɓi fom, yana cikin durowa ƙarƙashin katin rigakafin Abba, ban cike ba. Jiya ya buɗe durowar yana neman biro, ya ɗauko fom ɗin ya fara sassara sunan da ke sama, ya ce, "Umma, wannan na waye?" Na ce ya maida shi ya je ya wanke hannu, tuwo na hucewa.